Kafin a sa almakashi, a tambayi mai ƙafa

A kasuwar Tawa babu mai atamfa da zai kuskura ya sa almakashi a turmi kafin mai saye ya duba, ya taya, a ja ciniki, ya buɗe baki ya ce ya saya. In ya yi garaje ya yanka, asarar tasa ce, kuma duk ƴan layin za su ba shi rashin gaskiya. A ofis ma haka abin yake: ma'aikacin da ya san ciwon kansa ba ya sa hannu a kwantaragi sai ya karanta ta daga sama har ƙasa, sannan ya rubuta «lu et approuvé». Wannan ladabi ana yi wa yadi shida na atamfa, ana yi wa takarda. To, don me idan aka zo kan naman jikin ɗan Adam, a ɗakin wankin miki, sai a ce wa mai ƙafar ya kwanta, a ce wa ƴan'uwansa su fita waje su sayo auduga da banda, a kama aiki ba tare da an gaya masa abin da za a yanke ba, balle a ji ta bakinsa?

Aikin da ake magana a kai ba baƙo ba ne. Likitoci suna kiran sa «parage» ko «débridement» da Faransanci, ma'anarsa kuwa ɗebe mataccen nama daga miki. Idan rauni ya kwana biyu, wani sashe na fata da tsoka yakan mutu, ya yi baƙi ko ya yi rawaya, ya fara ɗoyi. Jini ba ya kai wa wannan nama, saboda haka allura da ƙwayoyin da ake sha ba su isa gare shi yadda ya kamata. Ya zama gidan ƙwayoyin cuta, kuma muddin yana nan miki ba zai haɗe ba. Sai a sa wuƙar fiɗa da almakashi a kankare shi, a yi ta bi har a tarar da nama ja mai zubar da jini, domin jinin nan shi ne shaidar an iso wurin da ke da rai. Daga nan a wanke, sau da yawa da ruwan Dakin, wanda aka haɗa tun 1915 don raunukan sojojin Yaƙin Duniya na Farko, a ɗaure. Aiki ne mai ceton ƙafa, mai ceton rai. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da amfaninsa, kuma ba shi ake tuhuma a nan ba. Shirun da ke rakiyarsa ake tuhuma.

Masu buƙatar wannan aiki a Adar ba su ƙirguwa. Akwai ɗan kabu-kabun da kwalta ta goge masa ƙwauri ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da neman na tuwo. Akwai yarinyar da ta faɗa murhu da sanyin safiya a lokacin ɗari, da saurayin da kwalbar man fetur ta kama da wuta a hannunsa. Akwai manomin Kalfu ko Barmu da kububuwa ko gamsheƙa ta sara a gona, wurin ya kumbura ya ruɓe. Da yaron da ya karye aka kai shi wurin mai ɗori, aka matse karan har jini ya daina gudu, yatsu suka yi baƙi. Sai kuma wanda ƴan kasuwa da ma'aikata suka fi sani, domin yana cikin gidajensu: dattijo mai ciwon sukari wanda ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba, sai da matarsa ta ji wari. Waɗansu daga Kaita suke zuwa, waɗansu daga Takanamat ko Tabaram, waɗansu daga Abalak, tafiyar kilomita kamar 135, bayan an bi da su ta ƙaramar likita da ta gunduma har aka turo su babbar likitar jiha. Kafin su iso an sayar da akuya, an ci bashi, miki kuwa ya yi kwanaki yana cin gaba.

Mutumin da ya sha wannan hanya yana da abubuwan da ya wajaba ya sani kafin a taɓa shi, kuma ba ilimin jami'a ba ne. Mataccen nama ba ya jin zafi, amma gefensa mai rai yana ji ƙwarai, kuma allurar kashe zafi da ake yi a wurin ba ta kamawa sosai idan miki ya cika da mugunya. In za a sa shi barci da ketamin, sai ya bar ci na wasu awoyi, kuma yana iya farkawa yana gane-gane yana sambatu. Dangin da ba a gargaɗe su ba za su rantse iskoki ne suka buge shi a hannun likita. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, bayan aikin, mikin yakan fi yadda aka zo da shi faɗi da zurfi. Wanda ya kawo rauni kamar girman dala ya buɗe banda ya ga rami kamar tafin hannu, me ake so ya ɗauka? Ba a kuma gama aikin a zama ɗaya: sai an sake, wani lokaci sau da yawa, kowane zama da takardar maganinsa. A ƙarshe, in ruɓar ta kai ƙashi ko ta hau sama, ana iya rasa yatsa ko ƙafar baki ɗaya, ko da kuwa likita bai yi kuskuren komai ba.

Idan ba a faɗi waɗannan ba tun farko, abin da ke biyo baya sananne ne. Majinyaci ya sha azabar da bai shirya mata ba, ya ga mikinsa ya ƙaru, ya ji wani a gadon kusa yana raɗa cewa daga kankara sai yanke ƙafa. Da dare dangi su naɗe tabarma su sulale da shi. A koma ƙauye, a shafa toka ko garin magani, a ƙara da kashin shanu in an yi rashin sa'a, wanda shi ne hanyar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya kulle haƙora. Bayan sati biyu a dawo da shi a kan amalanke, wannan karo babu sauran zaɓi sai yankewa. Sai labari ya bazu a ƙauyen cewa likita wurin yanke ƙafa ne, na gaba ya ƙara jinkiri, shi ma ya zo a makare. Ma'aikatan lafiya su ce mutanen karkara ba su zuwa da wuri, mutanen karkara su ce wanda ya je ba ya dawowa da ƙafarsa; kowa yana da gaskiyarsa, ƙafafu kuwa suna tafiya.

Maganar da za ta tsinke wannan igiya ba ta wuce minti biyar. Ma'aikaci ya yi sallama, ya jawo kujera, ya ce: «Baba, sannu da jiki. Ka ga wannan baƙin? Ya mutu, in aka bar shi zai ci mai ran. Muna so mu ɗebe shi. Za ka ji zafi, amma za mu yi maka allura tukuna, in ya yi yawa ka faɗa mu dakata. Gobe za ka ga wurin ya ƙara girma, kada ka tsorata, haka aikin yake. Sai mun maimaita. Muna fatan ƙafar ta tsira, amma ba mu yi maka alkawari ba. In ka ƙi, ga abin da muke tsoro. Me ka gani? Ko akwai wanda kake so a kira maka ku yi shawara?» Dattijon yana iya cewa: «To, likita, na ji, Allah ya ba da sa'a.» Yana iya cewa a jira ɗansa ya iso da la'asar. Yana iya ƙi. Duka ukun haƙƙinsa ne. Wannan magana ba a shigo da ita daga waje, ba ta jiran tallafin wata ƙasa, ba a yi mata takardar odar kaya.

Amma da zarar an ta da zancen sai wani mai farar riga ya yi murmushi ya ce wannan tsarin Turawa ne, na ƙasashen da suka ƙoshi, nan kuwa mutane sun saba da miƙa wuya. Mai faɗin haka bai san gidansu ba. Muhtasar na Shaihu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya na ƙarni na 14 da malamai ke karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, ya ɗora wa mai magani lamuni a wuri uku: in ya yi aiki da jahilci, in ya yi sakaci, in kuma ya yi ba da izini karɓaɓɓe ba. Rashin izini an jera shi kafaɗa da kafaɗa da jahilci. A watan Mayu na 1992 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta sake tabbatar da hukuncin: baligi mai hankali sai da izininsa, yaro da wanda hankalinsa ya gushe sai da na waliyyinsa, ba a kula ƙin waliyyi in ƙin zai cutar da wanda yake riƙo a fili, kuma a halin ceton rai na gaggawa ba a jiran izini. Ko wanzamin unguwa ba ya kafa ƙaho a bayan mutum sai sun yi magana. Mai ɗori ma, duk da ɓarnar da wasunsu ke yi, yana zama, yana tambayar mutanen gida, yana bayani da harshen da aka sani, yana karɓar abin da ya sauƙaƙa. Masu mamakin yadda yake ƙwace wa likita majinyata sai su fara dubawa daga nan.

Wanda kuwa ya fi yarda da abin da aka rubuta da Faransanci, to ga nasa. A ranar 28 ga Janairu 1942 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta yanke hukunci kan shari'ar wani mai suna Teyssier, wanda ya karye a hannu, likitan fiɗa ya zaɓi yi masa aiki bai gaya masa haɗarin ba, bai gaya masa akwai wata hanya ba. Wurin ya ruɓe, aka yanke hannun. Kotu ta ce wajibi ne likita ya sanar, ya kuma sami yarda, saboda girmama ɗan Adam. Dokar 4 ga Maris 2002 ta ƙara ɗaure zancen, har ta ce majinyaci yana iya janye yardarsa a kowane lokaci. An kwafo farar riga daga can, an kwafo sunayen magunguna da takardun shaida da tsarin muƙamai; wannan shafi ne kaɗai, da alama, ya faɗi a jirgi.

Ana kuma cewa talaka ba zai gane ba. Mutumin da ke lissafin damman hatsinsa na shekara a ka, ya san ribar buhun albasa daga Galmi zuwa Abijan, ya yi cin rani a ƙasa uku ya koyi harsunansu, shi ne ba zai gane bambancin mataccen nama da mai rai ba? Abin da ba ya ganewa Faransanci ne, kuma wannan ba laifinsa ba ne. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba, waɗanda za su iya warware Faransancin likitoci kuwa ƴan tsiraru ne ko cikin ma'aikata. Idan aka kawo takarda cikin wannan harshe aka kama babban yatsan tsoho aka dangwala, tawada aka samu a takarda, ba a sami yardarsa ba. Tun watan Maris na 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Madalla. Wurin da za a gane ko wannan magana ta sauko daga takarda shi ne bakin gadon majinyaci. Kuma jihar Tawa ba Hausa kaɗai ake ji ba: Buzun Cintabaraden, Bafulatanin daji, Balaraben Tasara, kowannensu yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshensa. Yau wa ke yi musu tafinta? Duk wanda aka ci karo da shi a baranda, mai shara ko ɗan wani majinyaci, wanda zai taƙaita jawabin likita cikin kalma biyu, ya kuma kwashe sirrin mutum ya kai tasha.

Hujjar da ke da nauyi ita ce ta ƙarancin ma'aikata, kuma ba za a raina ta ba. Ƙasar da likita ɗaya ke ɗauke da mutum fiye da dubu 20, mafi yawan likitocin kuma suna Yamai, ba za a zarge ta da yawan hutu ba. Anfirme ɗaya yana iya wayar gari da layin mikuna har ƙofa, safar hannu ta ƙare, wuta ta ɗauke, shi kansa ɗan kwantaragi ne da ke jiran albashi. Akwai kuma ranar da babu lokacin shawara da gaske: mutum ya zo a sume, ruɓa tana hawa ƙafa cikin awoyi, nan kam a yi aiki, bayani ya biyo baya, shari'a da doka duk sun yarda. Amma mafi yawan wankin miki ba haka yake ba. Wanda za a sa barci sai ya jira cikinsa ya sauka, wanda aka rubuta wa kaya sai ɗan'uwansa ya je faramasi ya dawo; cikin wannan jira akwai minti biyar sau goma. Lokacin kuma yakan samu ta hanyar mu'ujiza idan majinyacin ƙanen darakta ne ko Alhajin da aka sani a kasuwa: a ba shi kujera, a zana masa ƙafa a takarda, a tambaye shi ko yana da tambaya. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya fito a 2003 da sunan «Une médecine inhospitalière», abin da ya nuna ke nan: wanda ba shi da kowa a likita ba a cika gaishe shi ba, ba a cika gaya masa ciwonsa ba, wanda aka sani kuwa ana tarairayar sa. Ashe ana iyawa. Zaɓen wanda za a yi wa ake yi.

Akwai takarda ɗaya da ba a taɓa mantawa da ita ba, ita ce «décharge», wadda ake sa dangi su dangwala idan za su fita da majinyaci ba da son likita ba. A nan ne ake samun biro, a sami tawada, a sami shaida. Dalili a fili yake: waccan takarda likita take karewa. Yardar da za ta kare majinyaci kuwa ba ta da gurbi a rajista. Ga shi tun da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairu 1994, aka kuma kafa dokar biyan kuɗin magani a 1995, aljihun majinyaci ne ke ɗaukar aikin. Kyautar da gwamnati ta shelanta a 2005 da 2006 ta shafi fiɗar haihuwa da yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Magidanci mai gyambo ba ya ciki. Mutumin da shi zai biya auduga, ya biya allura, ya biya gado, ashe bai cancanci a gaya masa tun farko zama nawa za a yi, jika nawa zai tanada ba? Da ya sani, da ya san ko tunkiya zai sayar ko saniya, da bai tsaya a tsakiyar aiki da buɗaɗɗen miki ba, wanda ya fi rashin farawa haɗari.

Laifin ba na masu farar riga kaɗai ba ne, kuma a nan mai karatu ya duba gidansa. Adar ƙasar ƴan cin rani ce. Rabin shekara ko fiye, magidanta suna Abijan, Legas, Duwala ko Libiya, mata ne a gida da tsofaffi. Mace ta ƙone a hannu, aka kawo ta, baliga mai hankali, uwar ƴaƴa biyar, ita ke noma gonar ita ke ciyar da gidan. Sai a tsallake ta a tambayi ƙanen miji, shi kuma ya ce ba zai ɗauki nauyi ba sai an sami yayansa a tarho. Kwana uku ana neman layi, hannu yana ruɓa. Shawara da miji da dangi abu ne mai kyau, babu mai hana ta. Amma hannun nata ne, kuma malaman da suka zauna a Jidda ba su ce baligi namiji kaɗai ba. Haka ɗan kasuwar da ya kawo mahaifinsa daga ƙauye ya ja likita gefe ya ce: «Kada ku gaya wa tsoho komai, ku yi abin da ya dace, ni zan biya.» Niyyarsa tausayi ce, amma kuɗinsa magani suka saya, ƙafar tana nan ta tsohon. Dattijon da ya farka ya tarar babu yatsunsa biyu, ya gane kowa ya sani sai shi, ba lalle ya sake yarda da ɗan ko da likitan ba.

Kano ta riga ta nuna tsadar irin wannan rashin yarda. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200. 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dalar Amurka miliyan 75. Gwajin magani daban, wankin miki daban. Amma lokacin da Kano ta dakatar da allurar shan inna a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke ambata, cutar kuma ta sake bazuwa ta tsallaka iyakoki. Jama'a ba su rarrabe farar riga da farar riga.

Hukumar lafiya ta jihar Tawa ba ta buƙatar jiran taron ƙara wa juna sani a otel, da kuɗin zama da jakunkuna masu tambari, kafin ta motsa. Takardar umurni ɗaya ta isa: kada a kankare mikin mai hankali sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, a rubuta a rajista wa ya yi bayanin, da wane harshe, gaban wa, da abin da majinyacin ya ce, kuma kada a fara sai an ba da maganin zafi. A kowace babbar likita a san ma'aikacin da ke jin Buzanci da mai jin Fulatanci, a rubuta sunansu a bango. Makarantun da ke horar da anfirmomi su sa ɗalibi ya yi wannan bayani da Hausa gaban malaminsa kafin a ba shi takardar shaida, kamar yadda ake sa shi ya nuna ya iya allura. Kwamitocin da jama'a suka zaɓa don sa ido kan kuɗin likita, waɗanda suka ƙware wajen ƙirga tikiti, su riƙa buɗe wannan rajista su ma duk wata, su zaɓi suna biyu ko uku, su je bakin gado su tambayi masu su ko an gaya musu abin da aka yi musu.